Roba, Igiya, Bel ko Kejin Walda: Wanne Ya Fi Riƙe Jarkar Mai da Kaya a Bayan A-kori-kura?

Duk mai lambu a Jiratawa ko bakin tafkin Madarumfa ya san injin ban ruwa ba ya jin lallashi: babu mai, babu ruwa. Haka mai injin niƙa a ƙauye, haka mai shagon da ya dogara da janareto, haka direban da zai wuce Dakoro ya nausa wajen Bermo, inda gidan mai ya zama abin nema. Kowannensu yakan cika jarkoki a cikin Maraɗi, ya loda su bayan a-kori-kura tare da buhuna da sauran tarkace, ya kama hanya. Wajen ɗauri ne ake rabuwa. Wani ya ce roba ta ishe shi, wani ya rantse da igiya, wani ya sayo bel mai ƙarfen matsi, wani kuma ya kai motar wurin mai walda aka yi wa jarkokin keji.

Ni ma na daɗe cikin ƴan roba, har ranar da ta kunyata ni. Mun fito da hantsi za mu Gidan Rumji, jarka huɗu ta gazuwal a baya, da buhun wake biyu da za a kai wa gwaggona. Mun ɗan wuce Tsibiri sai ga jar akuya da ƴaƴanta sun faɗo titi. Na taka birki, ba ma da wani ƙarfi can ba, sai na ji dum a bayan kujerata. Da muka tsaya, jarka biyu sun kwanta, murfin ɗaya ya fita, mai yana bin kwarin daɓen motar yana shigewa ƙarƙashin buhunan. Robar kuwa tana nan maƙale da ƙugiyarta, ba ta tsinke ba. Miƙewa kawai ta yi, ta ba su hanya, ta dawo. Ɗan yayata da ke tare da ni ya leƙa ya ce, "Kawu, ai ɗaurin yana nan." Na ce masa ɗauri yana nan, kayan ne suka tashi. An wanke waken nan an shanya, bai bar warin gazuwal ba, ƙarshenta zubarwa aka yi.

Abin da ɗauri ke fama da shi

Kafin a zaɓi abin ɗauri, gara a san nauyin abin da za a riƙe. Litar fetur tana kai kusan gram 740, ta gazuwal kusan gram 840. Ke nan jarkar ƙarfe mai lita 20 cike da fetur tana kusan kilo 19 har da nauyin jarkar, jarkar roba mai lita 25 cike da gazuwal ta ɗan haura kilo 22, duro mai lita 200 kuwa ya doshi kilo 190. Jarka biyar ta lita 25 sun kai kilo 110, sun fi buhun gero nauyi, ga shi kuma abin da ke cikinsu ruwa ne mai kaɗawa, ba hatsi mai kwanciya wuri ɗaya ba.

Ƙa'idar ɗaurin kaya da ake bi a Turai, wadda ake kira EN 12195, ta ce ɗauri ya iya tare kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya idan suka yunƙura gaba, da kashi 50 idan suka yi gefe ko baya. Wannan lissafin birki mai ƙarfi ne da shan kwana kawai, ba na karo ba. Jarkokin nan biyar, in ka taka birki sosai, suna tura gaba da ƙarfin da ya kai kilo 88. Idan karo ne kuwa, mota mai gudun kilomita 50 a awa da ta tsaya nan take, abin da ke bayanta yana isowa ne kamar an sako shi daga tsayin mita 10. Tsakanin jarka da ƙeyarka gilashi ɗaya ne.

Sai kuma hanyar kanta. Kwaltar da ta taho daga Yamai ta ratsa Maraɗi ta wuce Damagaram tana da tudun rage gudu a garuruwan da take ratsawa. Da ka sauka daga kanta kuma sai gargada da rairayi. A kan gargada kaya ba zamewa kaɗai suke yi ba, tsalle suke yi, kuma duk lokacin da jarka ta rabu da daɓe, nauyinta ya daina riƙe ta. Shi ya sa maganar "ai tana da nauyi, ba za ta motsa ba" take kai mutane ta baro.

Da wannan a zuciya, ma'auni huɗu na ɗauka. Kuɗi, ba na saye kaɗai ba, har da na sabuntawa. Ƙarko, a ƙarƙashin ranar da ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, da ƙurar hunturu, da man da dole wata rana ya ɗiga a kai. Sauƙi, domin ɗaurin da ke cin minti ashirin, ranar da kake sauri ba za ka yi shi ba. Sai haɗari: in abin ya gaza, ta yaya yake gazawa, yana ba da sanarwa ko kuwa ba zato ba tsammani?

Robar cikin taya

Ita ce kowa ya saba da ita, wadda ake yankawa daga tsohuwar robar cikin taya, ƴan kabu-kabu ke ɗaure kaya da ita a bayan babur. Kusan kyauta ce, ko'ina akwai ta, yaro ma zai iya ɗaurawa. A babur tana da hujja: kaya ba su da yawa, a matse suke da kariya, kuma ana nannaɗa ta sau da yawa a ɗan ƙaramin wuri.

A bayan mota lissafin ya sauya. Tazara tsakanin ƙugiya da ƙugiya ta fi mita, kuma iya tsawon roba iya miƙewarta. Ba ta hana kaya tafiya, rakiya take yi musu. Sannan fetur da gazuwal abokan gabarta ne. Irin wannan robar tana shan mai ta kumbura ta yi laushi, rana kuma ta tsattsaga ta. Ɗauki wadda ta yi wata biyu a bayan mota ka ja ta a gaban haske, za ka ga ƴan tsage-tsage kamar ƙasar fadama da rani. Idan ta tsinke ana cikin ja, fuskar mai ja take nufa, kuma in akwai ƙugiyar waya a bakinta, ido ne a bakin haɗari.

Ban ce a jefar da ita ba. Tana da kyau wajen danne bakin tamfol kada iska ta riƙa kaɗa shi, ko haɗa jarkokin da babu komai ciki. Amma abin da ya kai kilo 20 kuma yana iya kamawa da wuta, ba aikinta ba ne.

Igiya

Igiya tana da daraja, kuma direbobin da suka tsufa a kan hanyar Kano da Katsina da ita suka yi rayuwarsu. Kuɗinta kaɗan ne, tana shiga kowace kusurwa, tana ɗaure buhu, katifa, keke da rago. Babu ƙarfen da zai yi tsatsa ko ya cije da ƙura. In ta tsinke a daji ka ƙulla ka ci gaba.

Matsalarta biyu. Ta farko, ƙarfinta yana hannun mai ɗaurawa. Wanda ya iya ƙullin direbobi, wato a yi zarge a tsakiyar igiya, a zagaya da bakin ta ƙugiya, a dawo a zura cikin zargen a ja ƙasa, yana samun matsi mai kyau, domin zargen yana ninka ƙarfin hannunsa. Wanda bai iya ba sai ya yi ta tara ƙulli kan ƙulli, ya ga kamar ya ɗaure, kafin Tasawa komai ya saki. Kuma kowane ƙulli yana rage wa igiya ƙarfi, wani har kusan rabi.

Ta biyu, ba duk igiya ce igiya ba. Shuɗiyar nan ko koriya mai sheƙi da ta cika kasuwa, rana tana cinye ta. In ka murza ta ka ga gari yana zuba a hannunka, ta gama aiki, ko da a ido tana nan lafiya. Mai laushin nan irin ta nailan ta fi ƙarfi amma tana miƙewa, balle in ta jiƙe da damina. Ta rama ko kaba kuwa tana shan mai ta riƙe, ta zama lagwani. Kuma babu wadda aka rubuta wa iya nauyin da za ta ɗauka. Da ido da ƙaddara ake aunawa.

A kan jarka musamman, igiya tana da wani aibi: siririya ce, duk matsinta a layi ɗaya yake sauka. Jarkar roba mai santsi ce, kusurwoyinta a zagaye, igiya takan zame ta sauka, ko ta nutse a jikin jarkar idan rana ta tausasa ta. In dole da igiya za ka ɗaure, zura ta cikin mariƙin kowace jarka, kada ka bi ta kansu kawai.

Bel mai ƙarfen matsi

Wannan shi ne faffaɗan bel mai ƙugiya a kowane baki, da wani ƙarfe mai haƙora da kake ɗagawa kana saukewa yana ƙara, yana nannaɗe bel ɗin har ya yi tauri. Manyan motocin da ke ɗauko kaya daga bakin teku da irinsa suke ɗauri, ƙanana kuma ana samunsu wajen masu kayan gyaran mota. A nan zan ɗan daɗe, don shi ne mutane suka fi saye kuma suka fi ɓatawa.

Abin da ya raba shi da igiya shi ne ba ya buƙatar gwaninta, ba ya miƙewa sai ɗan kaɗan, kuma na kirki yana zuwa da takardar shaida ɗinke a jiki. Duba ta kafin ka biya. Shuɗiyar takarda tana nufin zaren poliyesta ne, wanda ya fi jure rana da ruwa, kuma shi ake so. Za ka ga haruffan LC da lamba a gabansu da daN. Wannan lambar ita ce iya jan da aka yarda ya ɗauka, kuma daN ɗaya daidai yake da kusan kilo ɗaya. Mai faɗin milimita 25 yakan tsaya a ƴan ɗaruruwa, mai 35 wajen 1,000, mai 50 kuwa 2,000 zuwa 2,500. Ga jarkoki a bayan a-kori-kura, mai 35 ya wadatar. Babban nan na tirela ya fi ƙarfin ƙugiyoyin motarka. Kafin shi ya gaji zai lanƙwasa su, ko ya matse jarkar roba har murfinta ya yi tsalle. Wanda babu takarda ko kaɗan, mai ƙarfe sirit kamar gwangwanin madara, ka bar wa mai shi.

Yadda ake bi da shi ma yana da magana. Idan ka bi ta saman kaya daga wannan gefe zuwa wancan, aikinsa danna kaya ƙasa ne. Yana yin haka sosai idan ya sauko a tsaye. Idan kuwa jarkoki gajeru ne, ƙugiyoyin kuma a saman bakin bodi suke, bel ɗin zai kwanta kusan miƙe, ya yi tauri kamar tsarkiyar garaya amma bai danne komai ba. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a tasha. Ga jarkoki, abin da ya fi shi ne a jera su a jingine da bangon gaba, bayan ɗakin direba, a zagaye su da bel ɗaya ta ciki yana jan su zuwa bangon, a sa na biyu ta cikin mariƙansu yana jan su ƙasa zuwa ƙugiyoyin daɓe. Kaya da ke manne da bango ba su da filin ɗaukar gudu.

Akwai ƙaramar dabara da ke ninka amfaninsa: shimfiɗa roba mai kauri a ƙarƙashin kaya. Ƙarfe a kan ƙarfe mai ƙura ba ya riƙe fiye da kashi 20 zuwa 30 na nauyin kaya. Shimfiɗar roba ta hana zamewa tana kai wa kashi 60. Tsohuwar tabarmar ƙasan mota ko fallen taya da aka baje ya fi babu nesa ba kusa ba, muddin ba a bar mai ya jiƙa shi ba.

Rauninsa: bakin ƙarfe mai kaifi yana yanka shi, don haka a sa tsumma ko guntun taya a kusurwa. Ƙura tana cika haƙoran ƙarfen ya cije, sai an riƙa kakkaɓewa da ɗan ɗigon mai. Barinsa a bodi dare da rana yana rage masa kwana. Naɗe shi ka jefa bayan kujera. Wanda gefensa ya fara zarewa, ko aka ƙulla shi don ya tsinke, ya tashi daga aiki. Kuma yana da farin jini wajen masu ɗan hali: ka tsaya sallah a kasuwa ka dawo ka tarar da kaya babu bel. Kuɗinsa ya ninka na igiya, amma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, man ƴan ruwa-ruwa da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa ya daina zama na banza, kuma na matatar SORAZ ta Damagaram, da ke aiki tun 2011, shi ma da kuɗi ake sayensa. Auna kuɗin bel da na jarka ɗaya da ta kife, ka ga wanda ya fi tsada.

Kejin walda

Shi ne a sa mai walda ya haɗa ƙaramin gida na ƙarfe mai kusurwa, daidai girman jarkoki biyu, uku ko huɗu, da sanda mai rufewa ta sama da wurin kwaɗo, a kafe shi a daɓen mota. Ya fi duk sauran tsada a ranar farko, kuma daga nan ba ya sake cin kuɗi sai na fenti. Wajen sauƙi babu kamarsa: zura jarka, rufe sanda, tafi. Babu ƙulli, babu dubawa a hanya, yaron mota mafi ƙyuya ba zai iya ɓata shi ba. Shi kaɗai ne kuma ke tsare mai daga ɓarawo.

Amma keji yana da kyau ne gwargwadon yadda aka kafe shi. Kada a ɗiga walda a kan fallen daɓe a ce an gama. Fallen siriri ne, gargada za ta tsage shi a gefen waldar. A huda, a sa kusoshi masu noti, da faranti na ƙarfe ta ƙasa don ya raba nauyin. Kafin a huda a leƙa ƙarƙashin motar, domin tankin mai da wayoyi da bututun birki suna nan kusa. A kai wa mai walda jarkar kanta ya auna, kada a gaya masa da baki. Jarkar ƙarfe ta lita 20 tana da tsayin kusan santimita 47, faɗin 35, kaurin 17, amma na roba kowace da nata fasalin. In keji ya yi yawa jarka za ta riƙa rawa a ciki, ƙarfe na cin ƙarfe, wata rana ka tarar da ɗan rami a gindinta. A lulluɓe cikinsa da katako ko guntun taya. Jarkar da za a auna da ita kuwa, a fitar da ita can nesa kafin a kunna wuta. Wadda babu mai a ciki amma akwai tururinsa ta fi cikakkiya saurin fashewa.

Abin da za ka rasa shi ne fili. Keji ba ya tashi ranar da kake son ɗaukar gado ko buhu goma sha. Shi ya sa wasu ke sa a yi shi mai kwancewa da noti huɗu. Wanda bai shirya kashe kuɗin walda ba, kafinta zai yi masa akwatin katako mai ɗaki-ɗaki, ya danne shi da bel. Ba ya kai na ƙarfe ƙarko, yana kuma shan mai, amma yana hana jarkoki kifewa.

Raga da sarƙa

Raga ta kayan da iska ke ɗauka ce: kwanuka, katan, buhunan da ba a cika ba, tarkacen ƙaura. Tana hana su tashi, ba ta hana mai nauyi zamewa. Sarƙa kuwa ta injin niƙa ce, ko janareto babba, ko garma. A jikin jarka ba ta da wuri. Tana huda ta roba, tana goge ta ƙarfe, kuma ƙarfe mai gogar ƙarfe kusa da fetur ba abin so ba ne.

| Abin ɗauri | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Inda haɗarin yake |
|---|---|---|---|---|
| Robar taya | Kusan kyauta | Ƴan watanni, mai da rana na cin ta | Mai sauƙi ƙwarai | Miƙewa, tsinkewa a fuska |
| Igiya | Kaɗan | Ya danganta da irinta | Sai wanda ya iya ƙulli | Saki a hanya, zamewa daga jarka |
| Bel mai ƙarfen matsi | Matsakaici | Shekaru in ana adanawa | Minti biyu zuwa uku | Baki mai kaifi, matsi fiye da kima, sata |
| Kejin walda | Mafi tsada, sau ɗaya | Kusan rayuwar motar | Mafi sauƙi | Mugun kafi, gogar ƙarfe |
| Raga | Matsakaici | Rana na cin ta | Mai sauƙi | Ba ta riƙe nauyi |
| Sarƙa | Matsakaici zuwa sama | Mai daɗewa | Nauyi da wahala | Huda jarka |

Jarkar kanta

Ɗauri mai kyau a kan muguwar jarka aikin banza ne. Yawancinmu rawayar jarkar man girki muke amfani da ita, a sa leda a baki a murɗa murfi. Ba don fetur aka yi ta ba; murfinta ba ya riƙe tururi, rana kuma tana busar da ita har ta riƙa tsagewa a kusurwa. Ta ƙarfen nan mai mariƙi uku, wadda Jamusawa suka ƙera wa sojojinsu a shekarun 1930, an yi ta da wayo: tana da wurin iska a sama, zanen da aka danna a jikinta yana ba ta damar buɗewa da komawa, murfinta kuma maƙalewa yake yi a kan zoben roba. Waɗanda aka gwada don ɗaukar mai suna da hatimin UN, da 3A1 ga ta ƙarfe ko 3H1 ga ta roba.

Ko wace iri ce, kada a cika ta har wuya. Fetur yana ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin zafi na digiri 10; lita 20 da aka zuba da sanyin asuba ta yini a rana tana iya neman ƙarin wurin da ya doshi rabin lita, ban da tururin da ke kumbura jarkar. Bel ɗin da ka matse da safe, da azahar ya ƙara matsewa. Kuma a sauke jarka ƙasa a gidan mai kafin a zuba. Zubawa tana kan bodi, musamman mai shimfiɗar roba, yana tara irin wutar nan da ke tartsatsi a jikin tufafi da hunturu, kuma tartsatsi ɗaya ya isa.

Fetur da gazuwal ba ɗaya ba ne wajen wuta. Gazuwal sai ya yi zafin sama da digiri 50 kafin tururinsa ya kama. Fetur yana fitar da tururi mai kamawa ko a sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a daɓe. Ke nan mai ɗaukar fetur kada ya rufe jarkoki ruf da tamfol. Inuwa ake so, da hanyar iska. Batir, tukunyar gas da mai shan taba su yi nesa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Abin kashe gobara mai hoda a bayan kujera, ko shebur na ɗibar rairayi, su ne makami.

To, wanne ne naka?

Idan jarka ɗaya ko biyu kake ɗauka jefi-jefi, ta janareton gida ko ta ko-ta-kwana a doguwar tafiya, bel biyu masu faɗin 35 da shimfiɗar roba sun gama maka magana. Jingina su da bangon gaba, a tsaye, baki sama.

Idan mai lambu ne kai, ko mai injin niƙa, ko kana kai wa wani aiki mai duk mako, yi keji ka huta. Abin da ake yi sau hamsin a shekara, wata rana za a yi shi cikin gaggawa, kuma keji ne kaɗai bai damu da gaggawarka ba. Haka in ba kai ke tuƙa motar ba.

Ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye, yau Sabon Mashi gobe wani wuri, da buhunan gero, wake, gyaɗa ko aya, shi igiya da bel zai haɗa: bel biyu ko uku su danne manyan buhuna, igiya ta kama abin da ya saura. Masu nauyi a ƙasa, daga kan tayar baya zuwa gaba, ba can bakin ƙofa ba, in ba haka ba gaban motar zai yi sauƙi sitiyari ya riƙa yawo. A tuna irin su Hilux iyakacin abin da aka yi su su ɗauka bai wuce kusan tan ɗaya ba, har da mutanen ciki. Idan da jarkar mai a cikin lodin, a raba ta da abinci da katako, kuma kada a ɗora buhu a kanta. A tsaya bayan kilomita goma na farko a ƙara matsi, domin buhu yakan zauna.

Mai ɗaukar duro, bel mai 50 ne nasa, guda biyu, duron a tsaye manne da bangon gaba, da katako a kafe a gindinsa ta baya da gefe. In motar ba ta da ƙugiyoyin daɓe masu ƙarfi, a fara sa su tukuna. Duron da aka cika rabi ya fi cikakke wahalar riƙewa, saboda man yana bugun bango a duk kwana.

Wanda kuwa ke ɗaukar fasinja a baya ranar kasuwa, mata da yara a kan kaya, akuya a ƙafafunsu: gazuwal a cikin keji mai rufi, an ji. Fetur kuwa a yi masa tafiyarsa daban.